Akinwumi Adesina: Shekara 37 tsakanin lissafin manomi da sauyin yanayi

A ƙarshen watan Agustan 2025 ne Dokta Akinwumi Adesina ya sauka daga kujerar shugabancin Bankin Raya Ƙasashen Afirka bayan ya shafe shekara 10 a kanta, ya miƙa ragama ga Sidi Ould Tah, ɗan ƙasar Muritaniya. Akasarin abin da aka rubuta a kansa a lokacin bai wuce yabo ko suka ba. Masu yabo suna nuni da jarin bankin da ya tashi daga Dala biliyan 93 zuwa Dala biliyan 318 a zamaninsa, masu suka kuwa suna cewa har gobe talakan Afirka da yunwa yake kwana. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne irin ilimin da mutumin ya ginu a kansa, da kuma tambayar da ya fara bi tun yana ɗalibi: me ke sa ƙaramin manomi ya karɓi sabuwar dabara, me kuma ke sa ya juya mata baya?

Tambayar ta ƙara nauyi a yau, domin duk wata manufa da ake tsarawa kan sauyin yanayi a ƙasashe irin namu, ko ta dashen itatuwa ce, ko ta sauya iri, ko ta hana ƙona daji, ƙarshenta a bakin gonar wani take tsayawa. Idan mai gonar ya lissafa ya ga za ta ciyar da iyalinsa, sai ta rayu. Idan ya ga asara za ta ja masa, sai ta mutu a cikin takarda, komai yawan kuɗin da aka ware mata. Tarihin aikin Adesina ya cancanci nazari ta wannan fuska, saboda a cikinsa akwai inda aka girmama lissafin manomi aka ci riba, akwai kuma inda lissafin gwamnati da na banki ya rinjaya, aikin ya tsaya a rabin hanya.

Daga Ife zuwa gonakin geron Nijar

An haifi Adesina a ranar 6 ga Fabrairun 1960 a yankin Ibadan, a gidan manoma. Ya kammala digirinsa na farko a fannin tattalin arzikin noma a Jami'ar Ife a 1981 da sakamako mafi daraja, sannan ya wuce Jami'ar Purdue ta Amurka, inda ya samu digirin dokta a 1988. Mutane da yawa ba su san cewa binciken da ya ba shi wannan digirin a kan manoman kudancin Jamhuriyar Nijar ya yi shi ba, wato ƙasar gero da wake da rairayi, wadda damina ke zuwar mata yadda ta ga dama.

Abin da binciken ya nuna, wanda ya wallafa tare da malaminsa John Sanders a 1991, kowane manomin Katsina ko na Damagaram zai gane shi nan take. Manomin Sahel ba ya yanke shawarar noman shekara a zama ɗaya. Yana duban ruwan farko, ya yi shuka. Idan ruwa ya ɗauke shuka ta ƙone, sai ya sake, kuma irin da zai sake da shi ya danganta da kwanakin da suka rage wa damina. Yana raba gonarsa tsakanin iri mai jinkiri da mai saurin nuna, domin idan ɗaya ya ci amanarsa ɗayan ya rufa masa asiri. Saboda haka darajar sabon iri mai saurin nuna tana cikin zaɓin da yake ba manomi a shekarar da ruwa ya makara, kuma duk malamin gonar da ya zo da tsari guda ya ce a bi shi kowace shekara, bai fahimci wanda yake magana da shi ba.

Adesina ya tarar da wannan hanya an riga an share ta. Tun a shekarun 1960 da 1970, wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman ya zauna a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya bi ƙauyukan kewayen Zariya yana ƙidaya kwanakin aiki da buhunan amfani. A lokacin ana kallon haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin ci baya. Norman ya nuna da alƙaluma cewa haɗin yana ba manomi riba mai kyau a kan wahalarsa, yana kuma rage masa haɗarin tashi a tutar babu. Dabarar da aka raina a wancan zamani, yau ita ce ake koyarwa a tarukan duniya da sunan noma mai jure wa sauyin yanayi.

Bayan karatu Adesina ya yi aiki da cibiyar ICRISAT mai binciken amfanin gona na ƙasashe masu ƙarancin ruwa, sannan daga 1990 zuwa 1995 ya zama masanin tattalin arziki a cibiyar bunƙasa shinkafa ta Afirka ta Yamma da ke Buwake a Kwaddibuwa, daga nan ya koma cibiyar IITA mai hedikwata a Ibadan. A wannan zangon ya fitar da wani bincike tare da Moses Zinnah a 1993 kan manoman shinkafa a Saliyo, wanda har yanzu ɗalibai ke kafa hujja da shi. Sun gano cewa ra'ayin manomi game da irin kansa, kamar saurin dahuwarsa a tukunya da sauƙin bugunsa bayan girbi, ya fi shekarun manomin ko girman gonarsa tasiri wajen karɓar irin.

Ya kuma binciki wata dabara da masu kare muhalli suka ɗora wa buri sosai, wato jera ƙananan itatuwa masu ƙara wa ƙasa ƙarfi layi-layi a tsakanin shuka, ana datse ganyensu ana zubawa a gona a madadin taki. A filin gwaji dabarar ta yi kyau ƙwarai. A gonakin mutane a Najeriya da Kamaru kuwa ba ta yaɗu yadda aka zata ba, domin datsar itatuwan tana cin ƙwadago a daidai lokacin da noma ya fi matsa wa manomi, kuma wanda ke noma gonar aro ba shi da dalilin dasa itacen da wani zai ci moriyarsa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo. Masanin ƙasa yana iya tabbatar da cewa dabara tana gyara gona, amma aikin masanin tattalin arziki ne ya gano ko mai gonar zai iya ɗaukar nauyinta.

Rigimar takin zamani

A 1998 Adesina ya koma Gidauniyar Rockefeller, inda ya shafe kimanin shekara 10, kuma a nan ne ya tashi daga rubuta bincike zuwa tsara manufa. Ya lura cewa manomi a ƙauyukan Kenya da Malawi yakan yi tafiya mai nisa kafin ya samu shagon da ke sayar da iri ko taki, in ya samu kuma buhu mai kilo 50 ya fi ƙarfin aljihunsa. Maganin da aka bi shi ne horar da ƙananan 'yan tireda na karkara su zama dillalan kayan noma, a tsaya musu a banki su samu bashi, a kuma riƙa ƙulla taki a ƙananan ledoji daidai ƙarfin mai saye.

Yana cikin manyan waɗanda suka shirya taron ƙoli kan takin zamani da aka yi a Abuja a watan Yunin 2006, inda shugabannin Afirka suka amince a ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kimanin kilo 8 a kowace hekta zuwa kilo 50 kafin 2015. Ba a cimma wannan buri ba. Lokacin da aka sake taro a Nairobi a watan Mayun 2024, matsakaicin yana wajen kilo 18 ne, alhali matsakaicin duniya ya haura kilo 100.

Mai karatu zai iya tambaya: ta yaya mai tallata takin zamani zai shiga sahun masu kare muhalli? Hujjar su Adesina ita ce, duk buhun hatsin da aka ɗauke daga gona yana tafiya da wani kaso na ƙarfin ƙasa. A yankinmu ma har kara da harawa ake kwashewa, domin dabbobi da danni da makamashi. Ƙasar da ake ɗiba ba a mayar mata takan gaji, amfani ya ragu, manomi ya shiga daji da gatari neman sabuwar gona. Idan hekta ɗaya ta ba da abin da hekta biyu ke bayarwa, an ceci hekta ɗaya ta daji. Ga shi kuma Afirka baki ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya daga ƙona makamashi, don haka ba adalci ba ne a hana ta abin da wasu suka ƙoshi da shi.

Masu adawa ma suna da hujja mai ƙarfi. Takin yuriya da iskar gas ake sarrafa shi, kuma idan ya yi yawa a ƙasa yana fitar da wata iska da ta ninka hayaƙin kabon wajen sau 270 a riƙe zafi. A ƙasa mai rairayi wadda ta rasa ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, ruwa yakan wanke takin kafin shuka ta sha. Manomin da ya dogara kacokan da buhun da ake shigowa da shi daga waje kuwa, farashin kasuwar duniya ne ke juya shi, kamar yadda aka gani a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. A 2020 wasu ƙungiyoyin Afirka da na Jamus sun fitar da rahoto bisa binciken Timothy Wise na Jami'ar Tufts, suna zargin ƙungiyar AGRA, wadda Adesina ya yi wa mataimakin shugaba daga 2008 zuwa 2011, da gaza cika alƙawarinta na ninka amfanin gona, da kuma fifita masara a kan gero da dawa masu jure fari. AGRA ta yi watsi da rahoton, amma daga baya ita kanta ta ƙara ba lafiyar ƙasa muhimmanci a shirye-shiryenta, kuma taron Nairobi na 2024 an sa masa sunan taron taki da lafiyar ƙasa, abin da babu shi a sunan taron Abuja.

Gaskiyar da binciken Sahel ya daɗe da tabbatarwa tana tsakanin ɓangarorin biyu. A tashar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an nuna cewa 'yan giram kaɗan na taki, kwatankwacin cikin murfin kwalba, idan aka sa su a ramin shuka, suna ƙara amfanin gero sosai da kuɗi kaɗan, musamman idan an haɗa da takin gargajiya. Wannan dabara ta fi dacewa da manomin da Adesina ya bayyana a kundinsa na 1988, wanda ba zai zuba dukiyarsa duka a ƙasa ba alhali bai san abin da sama za ta yi ba.

Shekara huɗu a ma'aikatar gona

A 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa shi Ministan Aikin Gona. Ya tarar da tsarin da gwamnati ke sayo taki da kanta ta rarraba ta hannun jami'ai da 'yan siyasa, kuma a ƙididdigar ma'aikatarsa kashi 11 cikin 100 kacal na manoma ne takin ke isa hannunsu. Sauran yana ɓacewa a hanya, wani ya tsallaka iyaka, wani a sayar wa manomin da aka ce an kawo dominsa. A 2012 ya janye gwamnati daga saye da rabo, ya kawo tsarin da ake yi wa manomi rajista, a aiko masa da saƙo ta wayar salula, ya je wurin dillali ya karɓi buhu biyu na taki a rabin farashi tare da ingantaccen iri, gwamnatin tarayya da ta jiha su biya ragowar. Gwamnati ta ce sama da manoma miliyan 14 ne suka amfana. Tare da Babban Bankin Najeriya a zamanin Sanusi Lamiɗo Sanusi kuma aka kafa NIRSAL, domin a ɗauke wa bankuna wani kaso na asarar da suke tsoro idan sun ba manoma bashi.

A wannan shekarar ta 2012 aka yi ambaliyar da ta ci rayuka sama da 360 ta kuma raba mutum sama da miliyan 2 da gidajensu, ta shanye gonaki a gaɓar kogunan Neja da Binuwai. Ma'aikatar ta mayar da martani da tallafin noman rani, musamman na shinkafa a jihohin Arewa, domin a cike giɓin abin da ruwa ya ci. Ta kuma kafa kwamitin masana ƙarƙashin Farfesa Jimmy Adegoke, wanda ya tsara wa ƙasa daftarin yadda noma zai jure wa sauyin yanayi. A karon farko aka fara kallon ambaliya da fari a matsayin haɗarin da ya kamata a yi masa tanadi a kasafin noma, maimakon a jira ya auku a shiga rabon kayan agaji.

Sai dai tsarin wayar salular yana da nasa rauni. A ƙauyuka da yawa babu sabis, mata da yawa ba su da waya, wani lokaci kuma taki yakan iso bayan lokacin zuba shi ya wuce, alhali takin da ya makara da mako uku a daminar kwana 90 kusan asara ne. Gwamnatoci sun kuma tara wa dillalai bashin biliyoyin naira. Da gwamnati ta sauya a 2015 tsarin ya yi ta ja da baya har ya kwanta, aka maye gurbinsa da shirin lamunin manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015, da kuma shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016. Ba a gina wa tsarin doka da kasafi mai ɗorewa da za su raya shi bayan tafiyar mai shi ba, kuma wannan cuta ce da ta daɗe tana cin manufofin noma a Najeriya.

A kujerar banki

An zaɓi Adesina shugaban Bankin Raya Ƙasashen Afirka a watan Mayun 2015, aka sake zaɓensa a 2020, a tsakani kuma ya samu Lambar Abinci ta Duniya a 2017. A bankin ne aikinsa kan muhalli ya fito fili. A ƙididdigar bankin, kason kuɗin da yake warewa ayyukan da suka shafi yanayi ya tashi daga kashi 9 cikin 100 a 2016 zuwa kashi 45 a 2022. A 2019 ya sanar da cewa bankin ya daina zuba kuɗi a tashoshin lantarki masu ƙona gawayin ƙasa. Ya ƙaddamar da shirin samar da megawat 10,000 daga hasken rana a ƙasashen Sahel 11, ciki har da Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan. A Janairun 2021 ya yi alƙawarin Dala biliyan 6.5 ga shirin Koriyar Ganuwa, ya kuma haɗa hannu da wata cibiyar duniya a shirin tara Dala biliyan 25 domin taimaka wa Afirka ta jure wa sauyin da ya riga ya zo.

Matsayinsa a tarukan duniya a bayyane yake: waɗanda suka gurɓata sama su biya, kuma kuɗin ya fi karkata ga taimakon manomi da makiyayi su tsira. Yana yawan tunatar da ƙasashe masu arziki alƙawarin Dala biliyan 100 a shekara da suka ɗauka a Kofanhegan a 2009, wanda bai cika a 2020 kamar yadda aka tsara ba. Duk da haka ya tsaya kai da fata cewa Afirka tana da haƙƙin amfani da iskar gas ɗinta, bankin ma ya ba da bashi ga aikin gas na Mozambik, abin da ya ja masa suka daga ƙungiyoyin kare muhalli.

A fagen noma, abin da ya fi alfahari da shi shi ne shirin kai ingantattun iri daga cibiyoyin bincike zuwa gonaki, musamman alkama mai jure zafi da aka yaɗa a Sudan da Habasha, da masara mai jure fari a kudancin Afirka. Bayan tashin farashin 2022 bankin ya ware Dala biliyan 1.5 domin samar wa manoma miliyan 20 iri da taki, Najeriya ta karɓi rancen Dala miliyan 134 daga ciki, wanda da shi aka tallafa wa noman alkama na rani a Jigawa da wasu jihohi tun daga ƙarshen 2023.

A nan ma akwai lissafin da bai kamata a tsallake ba, domin alkamar rani ruwa take sha, ruwan kuma daga wani wuri ake tare shi. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arzikin muhalli Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da fadamun Haɗeja da Nguru ke samarwa ta hanyar noma da kamun kifi da itacen wuta, suka kwatanta da abin da ake samu idan an tare ruwan a sama, kamar a madatsar Tiga, domin noman ban ruwa. Sun gano cewa a kan kowane ma'auni na ruwa, amfanin fadamar ya ninka na aikin ban ruwan nesa ba kusa ba. Kifin masunci da ciyawar makiyayi ba sa shiga rahoton nasarar shirin alkama, amma asararsu a kan wani take faɗawa. Duk jihar da ke shirin faɗaɗa noman rani tana bukatar mai yi mata irin wannan lissafi kafin a haƙa magudana.

Darasin Maraɗi

Babbar nasarar da aka samu a yaƙi da kwararowar hamada a Sahel ta faru ne a kudancin Nijar, yankin da Adesina ya fara bincikensa, kuma ba banki ne ya kawo ta ba. Tun daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoman Maraɗi su daina sare tohon da ke fitowa daga kututturan da ke cikin gonakinsu, su zaɓi masu ƙarfi su gyara su, su bar su su girma. Manoman suka kira dabarar sassaben zamani. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Da yawa daga cikinsu gawo ne, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani ya ciyar da dabbobi.

Sirrin yaɗuwar dabarar na tattalin arziki ne. A da doka ta mallaka wa gwamnati itatuwa, manomin da ya sare reshe a gonarsa yana iya shan tara a hannun ma'aikatan daji, don haka ya fi masa sauƙi ya kashe toho tun yana ƙarami. Da aka sassauta wannan iko, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, zai sayar da reshensa ya ciyar da akuyarsa da ganyensa, sai ya shiga raino ba tare da an biya shi ba. Shirin Koriyar Ganuwa kuwa, wanda aka ƙaddamar a 2007 da burin gyara hekta miliyan 100 kafin 2030, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa kimanin hekta miliyan 4 kawai aka gyara a ainihin yankin da aka shata. Mun sha ganin dashen da aka yi a gaban kyamara da damina, ya bushe kafin bazara saboda ba na kowa ba ne.

Adalci ne a ce Adesina na banki ya fi ƙwarewa a tara manyan kuɗi da yaɗa abin da ake iya ƙirgawa a buhu, wato iri da taki, fiye da irin wannan aiki mai tafiyar hawainiya na gyara dokar mallakar itace da ƙasa. Laifin ba nasa kaɗai ba ne, domin banki rance yake bayarwa, rance kuma ya fi son aikin da ake gani a rasit. Amma binciken da shi kansa ya yi a kan jeren itatuwa a Najeriya da Kamaru ya riga ya nuna cewa tabbacin mallaka yana cikin abubuwan da ke yanke hukunci.

Abin da ya rage gare mu

Ga hukumominmu, tarihin nan yana nuna abubuwa da za a iya yi ba tare da jiran tallafin waje ba. Najeriya ta samu dokar sauyin yanayi a 2021, tana kuma da hukumar Koriyar Ganuwa tun 2015 mai aiki a jihohi 11 na Arewa. Abin da ake bukata shi ne jihohin su fayyace a doka cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne, su sa tallafin taki ya iso kafin ruwan farko kuma a haɗa shi da koyar da adana takin gargajiya, su kuma ɗauki malaman gona da za su kai hasashen damina na hukumar NiMet ƙauye cikin harshen da manomi ke ji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ambaliyar 2022 da ta ci rayuka sama da 600, da fashewar madatsar Alau da ta shanye Maiduguri a Satumban 2024, sun isa gargaɗi.

Ga ɗalibai kuma, musamman waɗanda ke ganin karatun tattalin arziki hanya ce ta zuwa banki kawai, akwai fage mai faɗi da ke neman ma'aikata. Ana bukatar masu iya auna darajar fadama, masu tsara inshorar fari da manomi zai yarda da ita, masu lissafa ko famfon hasken rana zai biya kuɗinsa a gonar albasa, da masu zama a teburin tattaunawa kan kuɗin yanayi su san abin da ake rubutawa da sunan ƙasarsu. Samaru tana nan, Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero tana nan, haka jami'o'in Yamai da Maraɗi. Ɗan Hausa da ya tashi a gidan noma yana da jarin da ɗalibin Purdue sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu, wato harshen manomi da sanin halin damina. Abin da zai ƙara shi ne lissafi da ƙididdiga da haƙurin zama a ƙauye da littafin rubutu, domin zuwa da kai ya fi aike.

Tambayoyin da irin wannan masani zai riƙa yi wa kowane shiri ba su da yawa: wa zai biya, wa zai amfana, yaushe ribar za ta zo, kuma idan ruwa ya ƙi, a kan wa asarar za ta faɗa? Da waɗannan tambayoyi Adesina ya fara a gonakin gero a 1988, kuma da su ya kamata a auna ayyukansa na minista da na shugaban banki, da na duk wanda zai zo bayansa da sabon shiri. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba mu shugabannin da za su tambayi manomi kafin su yanke masa hukunci.